Kiɗan da Gugun Bai Ji Ba

Bandung, 9 ga Maris

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Teh Wiwin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki a Taiwan, yaya kuma tsohuwar da kike jinya? Ta daina ɓoye maganinta a ƙarƙashin matashi? Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarmu Ambu tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa masallaci.

Kasuwar gwanjo ta Gedebage tana nan yadda kika bar ta, yayi ne dai ya juya. Matsattsen jins ɗin nan da aka yi ta rububinsa, yanzu ko kallonsa ba a yi. 'Yan jami'a burmemen wando suke so, mai sharar ƙasa, in ya koɗe ya yage a gwiwa ma ya fi tsada. Makon jiya na fasa wata dila daga Japan, na ci karo da wani tsohon wando da na tabbata ya girme ni. Mang Engkus na rumfar kusa da mu ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce mini, "Neng, wannan ko akuyata ba za ta yarda ta kwanta a kai ba." Kafin azahar wani ɗan gayu daga Jakarta ya saye shi rupiya miliyan biyu, yana ta godiya. Ranar Mang Engkus bai ci abincin rana ba don takaici.

Teh, ba hirar wando ta sa na ɗauki biro ba. Maganar mijina ce, Aa Gugun, kuma ba na son yin ta a waya yana kusa.

Wata uku ke nan ya canza mini. Sai in kira shi daga kicin sau uku bai waiwayo ba. Mai saye ya tambaye shi kuɗin wando, ya faɗa masa lambar ƙugu. Duk Asabar yana nan yana saka kiɗa a casun nan nasu na ɓoye, wanda ba a sanin wurin sai a ranar an turo saƙo. In ya dawo sai ya kwanta ya danne kansa da matashi. Na tambaye shi ko na yi masa wani laifi. Ya ce, "Laifin me? Ke ce kike ƙunƙuni in kina magana. Buɗe baki mana." Ni ɗin da Ambu take cewa ana jin muryata tun daga bakin titi.

Ke kika haɗa ni da shi, kin san halinsa tun kafin ni. Ki faɗa mini abin da kike gani.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Nenden

Bandung, 2 ga Mayu

Teh Wiwin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina fata murar da kika ce ta sake ki. Ambu ta karɓi rigar sanyin, ta ƙi cire ta ko da rana.

Abin da kika zata, shi ne. Sai da na yi kwana huɗu ina roƙo kafin ya bi ni wajen likitan kunne. Na hagu ya kusa mutuwa, na dama saura rabi. A gaban likita na fara jin cewa shekara biyu ke nan wani ƙara kamar kukan gyare bai bar kansa ba, dare da rana. Shekara biyu, Teh, muna kwana ɗaki ɗaya. Likita ya ce tsayuwar shekara goma sha shida a jikin lasifika ce, abin da ya tafi ba ya dawowa, in yana son sauran ya bar kiɗa.

Muka hau babur muka kama hanyar gida. Ya tsaya wajen mai batagor, soyayyen ƙullin kifin nan, ya cinye faranti biyu, sannan ya ce, "Kada Opik ya ji." Kin tuna Opik, abokinsa mai shirya casun.

Maimakon ya bari, sai ya kulle kansa mako uku yana haɗa sabon kiɗa. Ranar da ya gama ya kira ni, ya ɗora mini abin ji a kunne. Gangar da ke ƙasa tasa ce, mai nauyi, yadda muka san shi. Amma sirarun sautukan da ba ya ji, ya yi ta ƙara musu ƙarfi har sai da ya ji su. Kamar ana soka mini allura. Shi kuwa yana tsugune a gabana yana duban fuskata.

Ya ce, "Yaya, Neng?"

Na ce, "Ya yi daɗi, Aa."

"Da gaske?"

"Da gaske."

Ya sumbaci goshina, ya fita ya sayo mini romon seblak mai yaji irin wanda nake so.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi casun a wata tsohuwar masaƙa da aka rufe a Majalaya. Na bi shi, rabona da zuwa tun tafiyarki. Mutane sun kai ɗari uku, na gane wanduna da yawa da suka fito daga rumfata. Awa guda yana saka tsofaffin faya-fayensa, tafin hannunsa a kan tebur yana bin bugun da jikinsa. Wurin ya ɗauka, ƙasa tana rawa, har na fara cewa a raina wataƙila ba zai saka sabon ba.

Ya saka. Na ga mutane suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya, suna toshe kunne. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kawu, kai kurma ne?" Aka fashe da dariya. Shi bai ji ba. Kansa a sunkuye, yana gyaɗa shi, yana murmushi. Sai da Opik ya hau ya murɗe sautin da hannunsa, sannan ya ɗago ya ga fuskokin mutane. Ya bi su da ido yana nemana. Ya same ni a jikin ginshiƙi, hannuwana biyu a kan kunnuwana.

Yau kwana shida bai yi mini magana ba. Yana ci, yana sallah, yana zuwa rumfa. Da na faɗa masa gaskiya a ɗaki, mu biyu kaɗai za mu sani. Ban faɗa wa Ambu ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Nenden

Bandung, 21 ga Yuli

Yayata Teh Wiwin,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gidan da kike. Na ji rasuwar tsohuwar da kike jinya, na san kin shaƙu da ita. Allah Ya ba ki haƙuri. Ki yafe mini jinkirin amsa, na fara takardar nan sau uku ina yagawa.

A kwana na tara bayan casun ya yi magana. Da safe ne, muna rataye wanduna, kasuwa ba ta cika ba. Bai dube ni ba ya ce, "Kin ji illar kiɗan tun ranar da na sa miki, ko?"

Na zagayo gabansa don ya ga bakina. Na ce, "Na ji."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Tausayinka na ji, Aa."

Ya daɗe yana gyara wani wando da ba ya buƙatar gyara. Sannan ya ce, "Da Opik ne ya yi mini haka, da na ce abokin kasuwa ne. Ke kaɗai nake da ita da zan tambaya, Neng. Yanzu wa zan tambaya?"

A makon ya kwashe na'urorinsa da faya-fayen nan ɗari huɗu da ya yi shekaru yana tsinta, ya zuba a buhun dila ya kai wa Opik. Opik ya biyo shi har gida yana kuka, yana cewa da ya sani da bai bar shi ya hau ba. Aa Gugun ya dafa shi ya ce, "Share fuskarka, ƙato da kai. Ka dai riƙa toshe kunnenka." Washegari ya tafi Garut wajen mahaifinsa. Wata guda cur babu waya, sai saƙon "lafiya" in na tambaya. Na fara sabawa da tunanin ba zai dawo ba.

Ya dawo da tsohon keken ɗinkin mahaifiyarsa ɗaure a bayan babur. Yanzu faci yake yi a ƙofar rumfa. Yaran nan suna son facin da ake gani, da farin zare a kan shuɗi, kuma hannunsa ya faɗa da wuri, har layi ake yi. Wani lokaci wani zai ƙura masa ido ya ce, "Ba kai ne kake saka kiɗa ba?" Sai ya ce, "Wancan ɗan'uwana ne, muna kama." An sa masa abin ƙara ji a kunnen dama, amma a kasuwa cire shi yake, ya ce hayaniyar tana sara masa kai.

Ba ya fushi da ni, Teh. Yana kawo mini kofi, yana raka Ambu asibiti, yana dariya in na yi abin dariya. Tambayata ce kawai ya daina. In yana son ya san ko keken yana wani ƙara, Mang Engkus yake kira. In mai saye ya yi magana bai kama ba, sai ya miƙa masa takarda da biro, ina zaune a gefensa.

Jiya aka yi ruwa mai ƙarfi da yamma, rufin kwano yana ta ruri, babu mai saye ko ɗaya. Ya tsayar da keken ya juyo ya ce, "Neng, an kira la'asar?" Rabon da ya tambaye ni wani abu tun watan Mayu. Na matso na ce a hankali, "Ba a kira ba tukuna, Aa." Ya dubi bakina, ya gyaɗa kai. Sannan ya ciro wayarsa daga aljihu ya duba agogo.

Na ci gaba da ninke wanduna.

Ambu tana tambaya ko za ki samu zuwa bana. Ki zo in da hali, ina son ganinki. Allah Ya tsare ki a inda kike.

Wassalam.
Ƙanwarki mai kewarki,
Nenden