Manhajar da Ta Ɗauki Shiru a Matsayin Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu ta direbobi da fatake masu bin hanyar Kaura, Shinkafi da Zurmi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Lawali, direban layin Kaura zuwa Shinkafi, wanda kuka sa a kwamitin zaɓen kamfanin da zai yi wa ƙungiya manhajar sanar da lafiyar hanya. Na zo ofishinka ya fi a ƙirga ana ce mini ka tafi Gusau, shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani. Ba na tsammanin wasiƙar nan za ta canza komai, amma ba zan iya ci gaba da riƙe maganar a cikina ba.

Na ɗaya, yadda muke yi tun kafin manhaja. Baba Sahabi, dattijon da ke zama a ƙofar tasha, ba ya barin motar Shinkafi ta ɗaga sai motar farko daga can ta shigo, ko a samu wani direba a waya ya ce ya wuce lafiya. In rana ta ɗaga ba mota ba waya, kowa ya san abin da ake ciki, sai a sauke kaya a jira. A wurinmu shirun hanya shi ne babban labari. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, amma ko fasinjan da ya fi kowa gaggawa ba ya musu da shi.

Na biyu, yadda muka yi zaɓen. Masu neman aikin uku ne, biyu daga cikinsu ne suka tsaya mini a rai. Akwai wata 'yar Kaura da ta karanci kwamfuta, wadda ta yi kwanaki tana zama kusa da Baba Sahabi tana yi masa tambayoyi. Nata tsarin na kira ne da gajeren saƙo, mai aiki ko a ƙaramar waya, kuma in ba a ji daga hanya ba sai ya ce a dakata. Muka yi mata dariya, wani ma ya ce ai wannan Baba Sahabi ne aka saka a waya. Sai kamfanin da ya zo daga babban birni ya tara mu a otal, aka ci kaji, aka haska mana taswira a bango, hanya tana nuna kore in lafiya, ja in da haɗari, gwanin sha'awa. Ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa taka tasharmu ba, balle ya san wuraren da sabis ke ɗaukewa tsakaninmu da Shinkafi.

A wannan zaman na yi tambaya ɗaya. Na ce in ba wanda ya turo rahoto, me taswirar za ta nuna? Mutumin kamfanin ya ce kore, tunda ba a kawo ƙorafi ba. Na duba na ga manya suna gyaɗa kai, na ji kunyar a ce direban da bai gama firamare ba yana ja da masu ilimi, sai na yi shiru. Da aka ce masu zaɓen kamfanin su ɗaga hannu, nawa yana ciki. Ban zo wanke kaina ba, ranka ya daɗe.

Na uku, dokar da kuka kafa daga baya, cewa direban da ya ƙi tashi alhali manhaja na nuna kore ya rasa layinsa na ranar. Da wannan doka kuka ƙwace maganar daga bakin Baba Sahabi. Yana nan a bencinsa, amma fasinja ya koyi miƙa masa waya a fuska.

Na huɗu, abin da ya same ni. Ranar kasuwar Shinkafi, cikin daminar da ta wuce, layi ya zo kan ƙanena Bashiru, uwa ɗaya uba ɗaya. Har hantsi ba motar da ta shigo daga can, kira kuma ba ya shiga. Baba Sahabi ya riƙe masa ƙofar mota ya ce, «Bashiru, hanyar nan ta yi shiru, kada ka tafi.» Fasinjoji suka taso wa Bashiru da taswira, ga ta kore shar, ga kuma dokarku a kansa. Ya tafi. Daga baya muka ji cewa direbobin da suka hango ɓarayin daji suka juya sun yi ta danna manhajar, saƙon bai fita ba don babu sabis a wurin. An samu motar a gefen hanya, ƙofofinta a buɗe, takalman mutane a warwatse. Har yau ba mu ji muryar Bashiru ba.

Mun kai kuka, kamfanin ya aiko da amsa cewa manhaja ta yi aiki daidai yadda aka tsara ta. Wallahi ba su yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Yanzu ga shi na ji za ku kai ta reshen Zurmi da Moriki, inda matsalar sabis ba ta fi tamu sauƙi ba.

Roƙona kaɗan ne. Ku soke dokar rasa layi, ku mayar wa Baba Sahabi ikonsa. Ku sa kamfanin ya gyara, duk hanyar da ba a ji daga gare ta ba ta daina nuna kore. Kada ku kai ta Zurmi sai wanda ya ƙera ta ya shiga motar haya ya bi hanyar da kansa. Na san an riga an sa hannu, na kuma san wasiƙar direba ba ta warware kwangila. Na faɗa ne don ranar da za a tambaye ni.

Abu na ƙarshe. Sakatare ya ce za a goge sunan Bashiru daga manhajar, wai yana ɓata musu tsari, don tun ranar ba a danna cewa ya isa ba. Don Allah ku bar shi. Kowace safiya mahaifiyarmu takan kira ni ɗakinta ta ce in buɗe mata wayar. Ba ta iya karatu ba, amma ta gane alamar motarsa a kan koren layin nan, sai ta ɗora yatsa a kai ta yi masa addu'a. Ban iya gaya mata cewa wannan koren ne ya kai shi ba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare iyalinka daga irin jiran da muke yi, Ya yafe mini hannun da na ɗaga.

Wassalam.

Lawali Direba,
Tashar Kaura.