Farin Zare a Kitsona

Hartford, Amurka
Watan Yuli, 1881

Zuwa ga Yaya Siu-hong,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, kuma tarin Baba ya yi sauƙi. Kakanninmu su tsare gida, su sa shinkafar bana ta yi kyau. Ni jiki lafiya lau. Wasiƙarka ta iso, na ga inda ka rubuta, kamar kullum, wai Inna tana gaishe ni, ta ce in riƙa cin abinci da zafinsa.

Yaya, na san Inna ta rasu. Yau kwana ashirin da na ji, a shagon wanki, daga bakin Ah Pun ɗan mai kwale-kwalen garinmu, wanda ya zo ƙasar nan bana. Na kai masa riguna, ya ƙura wa kitsona ido, ya ce ashe har na cire farin zaren makoki tun lokaci bai cika ba. Na tambaye shi makokin wa. Mutumin ya ajiye dutsen guga, ya ce ai da kafaɗarsa ya ɗauki akwatin gawarta zuwa kan tudu, wata goma sha tara ke nan. Na koma ɗaki na fito da wasiƙunka. Guda shida ka aiko tun daga ranar, kowacce da gaisuwarta. A ɗaya har ka ce ta ga hotona ta yi dariya, wai na yi ƙiba. Na ƙirga kwanaki baya, sai na ga makon da kuke binne ta ina filin ƙwallo ana yi mini tafi.

Na san abin da za ka ce. Hukumar ƙasarmu ta kawo mu nan karatun shekara goma sha biyar, ni ina ɗan shekara goma sha ɗaya, Baba ya sa hannu a takarda, ka ji tsoron kada labarin ya ɓata mini karatu. To, ga ribar ɓoyon. Magana ta kai kunnen Malam Fung, mai duba ɗalibai. Ya tara mu a zauren da muke durƙusawa muna fuskantar fadar Sarki, ya tsayar da ni a tsakiya, ya ce kowa ya kalli abin da ƙasar Turawa ke yi wa ɗan mutum, uwarsa na cikin ƙasa shi yana cin nama yana tsalle. Na ce ba wanda ya gaya mini. Ya ce ɗan kirki da a jikinsa zai ji. Yanzu an aiko da umarni dukanmu mu koma gida, jirgi zai tashi a wata mai zuwa, saura mini shekara ɗaya in gama karatun ginin gada. Karatun da ka hana ni kuka saboda shi, shi ma ya tafi. Ina jin haushinka, Yaya, ba zan ɓoye ba.

Uwargida Pellam, wadda nake zaune gidanta, ita ke yi mini kitso shekara tara, tun hannuna bai iya ba. Na roƙe ta farin zare. Ta tambaye ni ko ba baƙi ya dace ba, tunda su baƙi suke sawa. Na yi mata bayani, ta zare farin zare daga bakin mayafin teburinta ta kitsa mini tana hawaye. Kwana bakwai na yi da shi a kaina. Ran na takwas na miƙa mata almakashi, ta ƙi karɓa, ta ce ta san abin da hakan ke nufi a ƙasarmu. Na yanke da hannuna.

Kitson yana cikin ƙunshin da ke tare da takardar nan. Ka kai shi kan tudu ka ajiye wa Inna, ita ta fara kitsa shi. Ka san yanke kitso tawaye ne ga Sarki, namijin da ba shi da kitso ba ya sauka tashar Kanton ya kwana lafiya, saboda haka kada ku je taryen jirgi, ba zan shige shi ba.

Ka gaishe mini da Baba, da Gwaggo Yuk-lin, da matarka, da ɗanka Kam-sing da ban taɓa gani ba. Na jero su ne yadda na san su. In akwai wanda ya kamata in cire, ka gaya mini a amsarka.

Ƙaninka,
Siu-lam