Fayil a Cikin Gilashi

Aminiyata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Na ga ta'aziyyarki, Allah ya bar zumunci. Ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba. Raina ne a ɓace, kuma ba rasuwar ce kaɗai ta ɓata shi ba.

Kin san halin Lauya. Shekara talatin da ɗaya ina aure da mutumin da bai taɓa bari mun ci abinci da zafinsa ba. Wanda aka tsare ba shari'a, wadda aka kora daga aiki don tana da ciki, mutanen unguwar da za a rushe, duk ofishinsa suke nufa, in ya tashi su biyo shi falona. Lambar yabon nan ta ƙarfe da aka ba shi, da ita yake tokare ƙofar ofis, wai kada talaka ya zo ya tsaya yana shakkar ƙwanƙwasawa. Na yi mita har na gaji. Yanzu ga falon tsit, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

To, abokansa sun kafa kwamitin tunawa da shi, yayansa ne shugaba. Sun mai da ofishin wurin tarihi. Sun yi fenti, sun fitar da bencin masu jira wai ya tsufa, sun goge lambar sun ɗora ta a kan wata kanta, sun rufe ƙofa. Fayil ɗin da suka tarar a kan teburinsa kuwa, suka kulle shi a akwatin gilashi, da rubutu a ƙasa wai aikinsa na ƙarshe.

Da sun tambaye ni, da na gaya musu Lauya ba ya barin fayil a kan tebur sai in shari'ar tana da rai. Wadda ta ƙare, ƙarƙashin gadona take komawa, shi ya sa ban taɓa samun wurin ajiye takalmi ba. Wannan da ke cikin gilashin na wani direba ne da ke tsare shekara uku. Takardar asibitin da ta nuna yana kwance ranar da aka ce ya aikata laifin tana ciki, kuma ita ke nan ƙwaya ɗaya. Ranar Alhamis kotu za ta zauna, bikin buɗe wurin kuma sai Asabar.

Jiya mahaifiyar direban ta zo ta tarar da ƙofa a rufe, ta wuni a kan matakala. Na je na roƙi Yaya makulli. Ya gyara zama ya ce buɗe akwatin kafin manyan baƙi su gani rashin mutunta mamaci ne, a nemi ɗage zaman. Abokiyar aikin Lauya ta ce an riga an ɗage sau tara, in aka ƙara sai bayan hutun kotu. Ki ji fa, mutuncin mamaci! Shi da ya taɓa shiga kotu da takalmi wari da wari saboda sauri.

Ki sa ni a addu'a, haƙurina ya kusa ƙarewa. Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Matar Lauya

Aminiyata,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ni lafiya lau, ban da babban yatsana da ke naɗe da bandeji.

Ranar Laraba da safe na ce wa maigadi ina son ganin ofishin mijina ni kaɗai. Ya buɗe min har yana share hawaye, bawan Allah. Na ɗauko lambar nan daga kan kantar, na nufi akwatin. Bugun farko ko gezau, ashe gilashi mai kyau suka sa. A na uku ya tarwatse. Na rungumi fayil na wuce maigadi yana salati.

Ranar Alhamis abokiyar aikin Lauya ta miƙa fayil ɗin, alƙali ya karanta takardar, ya sallami direban. Uwarsa ta riƙe hannuna mai ciwon tana ta matsawa, na kasa ce mata ta saki.

Yaya ya daina amsa gaisuwata, an kuma cire kujerata daga cikin manyan baƙi. Ban damu ba. Ranar bikin, suna ciki suna jawabi, na sa direban ya dawo da benci, na tokare ƙofa da lambar, na zauna. Kafin a gama, mutum bakwai sun jeru kusa da ni da takardunsu a hannu. Abokiyar aikinsa ta ga huɗu, ukun suka biyo ni gida.

Sai yanzu suka tafi, abincina ya yi sanyi ƙalau. Mutumin nan ko yana kabari bai bar ni na ci da zafi ba. Na zauna na cinye ina kuka, kuma wallahi tun da ya rasu ban ci abin da ya yi min daɗi kamarsa ba.

Ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Matar Lauya