Langar Gwaggo Laure

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Ina rubutawa ne don babu sauran wanda zan faɗa wa wannan magana ya gane ba tare da dogon bayani ba.

Inna, an rushe unguwarmu. Duk layin, tun daga masallaci har rijiyar gindin dutse. Sun ce Dutse ta girma, wurin ya zama na kasuwanci, ba na zama ba. Suka shafa jan fenti a zaurenmu, bayan damina katafila ta zo. Inda ɗakinki yake yanzu shagon tayil ne, samansa kuma bene ne da babu kowa a ciki sai allon neman mai haya.

Kin san halina da takarda, na karanta tsarin nasu daga bango zuwa bango. An auna ɗaki, an auna zaure, an ƙirga dabino, har rijiya an ba ta layi guda. Babu wanda ya tambayi kowa wa ke bayan katangarsa. Ni ba maƙiyiyar titi ba ce, na tuna yadda aka sha wuya kafin a fitar da ke asibiti ta lungun nan. Amma mutanen da suka zana sabon garin nan, ina shakkar ko maƙwabci ya taɓa miƙo musu abinci.

Kin tuna katangar da ke tsakaninmu da gidan Gwaggo Laure, inda ta zaizaye ta tsaya daidai ƙirji? Duk shekara mai yaɓe ya zo sai ya ce zai cike gurbin, ke kuma ki ce ya yi aikin da aka sa shi. Ta nan shuɗiyar langar nan mai ɓararren murfi take tsallakewa kullum kafin magariba. Yau ta tafi da dambunki, gobe ta dawo da kwaɗon zogalenta. Babu wanda ya san ta wace ce a asali. Gwaggo ba ta taɓa kiran sunanki ba, sai dai ta ɗaga murya ta ce, "Ta Ringim!" ke kuma ki amsa kina goge hannu a zani.

Da kika kwanta ciwo, abin da kika ce mini ke nan: "Kada ki bar langar nan ta yi kwana biyu a ɗakinmu." Bayan rasuwarki na ci gaba. Ranar da katafila ta zo, langar tana wajenmu, na cusa ta cikin kaya.

Filayen da aka ba mu a madadi, da ƙuri'a aka raba. Mutanen da suka yi suna da biki da zaman makoki tare tun kafin a haife ni, aka watsa su kamar an zubar da gero a tsakar gida. Nawa ya faɗa wata nahiya, ban ma gina ba, ina haya a gidan da ban san sunan matar da ke ɗaya gefen ba. Sani, ɗan Gwaggo, nasa ya faɗa can hanyar Kiyawa, inda layuka ba su da suna sai lamba. Sai da na sha yawo a adaidaita sahu kafin na gano su.

Gwaggo ta tsufa ƙwarai, Inna. Ido ya yi rauni, kunne ma haka. Ta karɓe ni kamar baƙuwa, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma. Matar Sani ce ta ja ni gefe ta ce kullum yamma tsohuwar sai ta lallaba ta je katangar gabas tana kiran wata Ta Ringim, har sun kai ta asibiti an ba ta maganin barci.

Na je na duba. Katangar bulo ce da ba a ƙarasa ba, a kusurwa ta tsaya daidai ƙirji. Bayanta fili ne, tafasa da ƙaya, na wani mai hali da ya saya ya ajiye, ba a taɓa ganin fuskarsa ba.

Washegari na yi dambu na zuba a langar. Ban shiga ta ƙofa ba, na zagaya na ratsa ƙayar na tsaya. Da Gwaggo ta kira ki, na ce, "Na'am."

Ta laluba ta karɓa, ta buɗe, ta ɗanɗana. Ta ce, "Kin daɗe, Ta Ringim. Kuma har yau hannunki na tsoron gishiri, kamar ke kike sayo wa garin nan."

Na yi dariya har na zauna a cikin tafasar. Rabon da in yi dariya irin wannan tun kina nan. Daga ranar kullum in na tashi daga makaranta sai in dafa in tafi. Ta ba ni labarin mutanen da suka daɗe a ƙasa, ta yi gulmar surukarta, ta tambaye ni ko 'yar nan tawa mai taurin kai har yanzu tana karatun da ba ya ƙarewa. Na ce tana yi. Matar Sani ta ce ta daina buƙatar maganin.

Sai aka sauke yashi da bulo a filin. Na sami shugaban magina, na roƙe shi ya bar gurbi ko na kamu biyu a kusurwar. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Hajiya, ɓarayi za mu bar wa taga?" Na ce a haɗa ni da mai filin. Ya ce shi ma ta waya yake jin muryarsa.

Yau na tarar sun gama. Katanga ta fi tsayin namiji, da waya mai ƙaya a kanta, da ƙofar ƙarfe a kulle. Na tsaya a bakin titi ina jin Gwaggo tana kiran ki. Na amsa da iya ƙarfina, har masu wucewa suka tsaya kallo. Ba ta ji ba.

Na shiga ta ƙofa. Tana zaune a gindin katangar, langar a cinyarta, da ɗumin abinci a ciki. Ta gane ni a matsayin 'yarki, ta ce, "Ke 'yar nan, uwarki fushi take yi da ni?"

Na ce a'a, kin je Ringim ne ganin gida. Na miƙa hannu in karɓi langar in kai miki, ta riƙe gam. Ta ce langar nan ba ta ƙofa take bi ba, za ta jira ki dawo.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki. Ya sassauta wa Gwaggo Laure jiran nan. Idan Ya tashi haɗa ku a Aljanna, Ya sa gidanta a jikin naki.

'Yarki ta fari, wadda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunanta ba,
Hadiza