Gurbin Mama a Ɗakin Ƙasusuwa

Hallstatt, 4 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Notburga,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara.

Na iso jiya a jirgin ruwan rana. Garin yana nan a matse tsakanin dutse da tafki, sai dai baƙi sun fi 'yan gari yawa. Na je makabarta. Shekara goma sha biyar ta cika da binne Mama, kuma ana bukatar kabarinta, don kin san ƙarancin filin makabartarmu. Limamin coci ya nuna mini wasiyyarta da rubutun hannunta: a haƙo ƙoƙon kanta, a shanya, a zana furanni da sunanta, Resi, a goshi, a ajiye kusa da na Baba a ɗakin ƙasusuwa. Ba zai taɓa kabarin ba sai mu biyu mun sa hannu kafin ƙarshen wata. In ba haka ba, za a binne wani a kanta.

Ni dai na sa nawa.

Ƙaninki,
Severin

Linz, 9 ga Mayu

Farfesa,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

"A shanya"! Uwarka ce fa, ba wanki ba. Matar da ko burodi ba ta fita saye sai ta ɗaura kallabi, ita za mu jera a kan katako, kowane ɗan yawon buɗe ido ya biya kuɗin ƙofa ya ɗauke ta hoto? Lokacin da nake jinyarta ina juya ta a gado kana can jami'a kana jarrabawa. Kai ka ga takarda, ni na ga mutum. Ba zan sa ba. Ka ci abinci, na san halinka.

Yayarka

Hallstatt, 15 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Notburga,

Ina gaishe ki da girmamawa. Abin da kika faɗa game da rashin zuwana gaskiya ne.

Safiya uku na yi a ɗakin. Na ga wani baƙo ya kusanta fuskarsa da ƙoƙon Baba yana dariya, matarsa tana ɗaukar hoto. Har yanzu abin yana cina. Saboda haka ba zan ce kin yi kuskure ba.

Amma akwai abin da ya wajaba ki sani. A daman Baba akwai fili, kamar faɗin tafin hannu. Tsoho Alois mai gadin ɗakin ya ce mini, "Kai ɗan Resi, sai yau? Da tana raye, duk Asabar uwarka kan zo ta goge ƙura, ta ɗora hannunta a nan ta ce in wani ya shiga wurinta ni za ta kama. Gida biyu na hana wurin, har sun daina gaishe ni."

Ban san wanda ya fi nauyi ba, kallabin ko wannan filin. Kwana goma sha shida suka rage.

Ki huta lafiya.
Severin

Linz, 20 ga Mayu

Severin,

Gaisuwa. Zan zo a jirgin Alhamis. Ban ce zan sa hannu ba. Ka karɓi mabuɗi wurin Alois mu shiga kafin a buɗe wa baƙi. Rabona da ɗakin tun ranar da aka kai Baba, na gane shi da wushiryarsa.

In mun shiga, kada ka yi mini magana.

Yayarka