Akwati Mai Lamba Uku

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aikin gadi? Baffa, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. Idon Baba ya daina ganin ƙananan rubutu. Wata biyar ke nan in na kai masa abinci wurin aiki, sai ya tura ƙofa in karanta masa abin da ke kan kwamfuta. Ogansa bai sani ba.

Akwatunan suwic uku da direba ya kawo sabon asibitinku, masu raba intanet ɗin nan, ni na manna musu lamba. Baba ya ce da an jona wayoyinsu na baya an kunna, da kansu suke haɗuwa su zama ɗaya, ba sai ma'aikaci ya je ba. Wanda aka fara kunnawa shi ne shugaba, abin da ke cikinsa sauran suke kwafa. A akwati guda Baba ya zuba aikinsa na sati biyu.

Ina cikin manna lambobin Oga ya shigo ba sallama, cikin gaggawa na manna lamba ɗaya a kan wanda babu komai ciki. Mai aikin shi na sa wa uku. Sai da mota ta tafi na gane. In ka fara kunna mai lamba ɗaya, komai zai goge, Oga zai tambayi yadda aka yi, asirin Baba ya tonu.

Don girman Allah ranar Alhamis da za a sa ka kunna su, ka fara da mai lamba uku, ka jira koriyar fitilarsa ta daina ƙiftawa. Kada ka gaya wa Baba.

'Yarka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Yau ga yarinyar da ba ta iya gaishe ni sai ta laɓe bayan ƙofa, ta cika mini takarda! Ashe bakin a alƙalami yake.

Zancen ido kuwa, tun ranar da ubanki ya miƙa wa ƙanin matarsa hannu yana kiransa da sunana na sani. Taurin kai ne gadonmu.

Amma 'yata, ni mai gadi ne. Takardar Oganku na manne a jikin kwali: ɗaya, biyu, uku. Shugabar asibiti za ta tsaya a kaina tana karantawa. In na saɓa, abu ya lalace, me zan ce? Wata yarinya ce ta aiko? Yara shida nake ciyarwa da wannan kujerar. Ki samo mini sabuwar takarda da sa hannun Oga, ko uku ko talatin zan fara kunnawa. Direba zai sake tasowa ran Laraba.

Ki ci abinci, na san ki.

Baffanki

Baffa,

Ina gaisuwa. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa wa Baba, na kasa. Jiya ya ce wa Mama ni ce idonsa.

Ga takardar, da sa hannun Oga. Na shiga ofishinsa da kaina. Na ce wasa na yi da lambobin lokacin da Baba ya fita alwala. Ya yi ta faɗa har masu shara suka leƙo, ya ce kada ya sake ganin ƙafata a wurin. Bai tambayi komai game da Baba ba.

Makarantar da aka ce zan shiga bana, na ce wa Mama a bari sai baɗi. Tagar ɗakin aikin Baba tana kallon lungu, kuma na gwada, daga waje ina iya karanta kwamfutar.

Ka huta lafiya.

Auta