Bishiyoyin Onsongo Talatin da Bakwai

Zuwa ga ƙanwata Kemunto,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Makori da zafin Mombasa. Allah ya sawwaƙe masa ciwon gwiwar nan. Mu nan Kisii lafiya lau, ruwa na sauka, ayaba ta yi kyau, jar saniyar ta haihu. Iyakar gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake.

Ke kika roƙe ni in riƙe 'yarki Nyanchama da aka turo ta koyarwa a makarantar ƙauyenmu. Na ba ta ɗaki, na ciyar da ita wata takwas, to ga tukwicina. Wai ita ba ta koyarwa irin ta zamaninmu, malam ya faɗa a rubuta. Yara ne za su zaɓi abin da suke son sani, a bi shi har ƙarshen zango. Ta ajiye kwali, kowa ya jefa tambayarsa, aka ɗaga hannu. Wadda ta ci ita ce me ya sa idon ruwan da ke gangaren gonarmu ya ƙafe. Wata biyu suna sintiri da igiya da fartanya, suna awo, suna tonon saiwa, ni kuwa sakarya ina dafa musu shayi.

Ranar taron iyaye suka kafa zane a bango: ga idon ruwa, ga bishiyoyin turare talatin da bakwai a samansa suna shanye shi. Ba su sa suna ba, amma wa bai san marigayi mijina Onsongo ne ya dasa su da hannunsa ba? Matar Nyakundi, mai bakin nan, har da juyowa wai ashe ruwan gari a gonata, ni Bosibori, yake hutawa, a zo da kofi a roƙa. Aka kwashe da dariya. Dagaci ya ce ranar Litinin a sare duka.

Na tsare 'yarki a madafa. Ta ce wai Inna, ba ita ta zaɓa ba, yara ne. Na ce to da sun zaɓi ƙona coci, ashana za ta miƙa musu? Ta ce wai in yaro ya yi tambaya ba a rufe masa baki. Na ce mu da aka rufe wa namu, mutuwa muka yi? Na fito mata da akwatinta, tana gidan fasto. Kada ki aiko mini da ban haƙuri, ba zan karanta ba.

Kin san babbar bishiyar da ke can ƙasa ita ke yi wa kabarin Onsongo inuwa, shi ya ce a sa shi nan. Na roƙi dagaci a bar mini ita kaɗai, ya ce a zanen yara ita ta fi kusa da ruwan.

Jiya na je wurin shugaban makaranta na ce sai na ga takardar da aka rubuta tambayar a kai, in san ɗan gidan wa ya jawo mini wannan. Ina gani na gane rubutun. Jikata Kerubo ce, wadda tun da ruwan ya ƙafe nake turawa rafi da jarka, tafiyar awa guda, kafin ta tafi makaranta. Ta rubuta wai ina ruwan kusa da gida ya tafi, don wuyanta na ciwo. Shekara biyu tana cin tuwo kwano ɗaya da ni, ba ta taɓa gaya mini ba, sai kwalin 'yarki ta gaya wa. Wannan ne ba zan yafe wa Nyanchama ba.

Ki gaida Makori, da Ondieki, da amaryarsa Bochaberi. Ki kuma gaya wa 'yarki ta kawo ajinta ranar Litinin su tsaya su gani, tunda son sani suke. Na wasa gatarin Onsongo. Babbar ni zan fara sara, ba zan bar baƙon hannu ya taɓa ta ba.

Yayarki,
Bosibori